Filin Tambaya Da Amsa: Barakta, Ɗan Dayod Ɗin Da Ke Murɗa Tasha Ba Hannu

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Makon nan saƙonni sun taru sosai, kuma da na zauna bayan isha'i ina duba su sai na ga guda biyar duk wuri ɗaya suka dosa ko da yake masu su ba su san juna ba, wani a Sabon Gari wani a Tudun Wada wata a Samaru nan Zariya, duk maganar yadda rediyo da talabijin ke kama tasha ce. Shi ya sa na haɗa su. Saƙonnin na bar su yadda aka turo su, sunaye da lambobi kawai na cire.

TAMBAYA: Slm Malam barka da aiki. Ni yaron shago ne ina koyon gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari shekarata daya da rabi kenan. Jiya an kawo mana rediyon mota na bude ina neman gang dinnan da ake murdawa ban ganshi ba, ba zare ba allura amma in ka danna sai tasha ta canza. Na tambayi oga yace barakta ce ke aikin, dana kara tambaya yace in ci gaba da aiki zan gane a hankali. Dan Allah Malam meye barakta dinnan kuma ya akai abu kamar kwayar gero yake canza tasha?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ogan naka gaskiya ya faɗa maka, barakta ce, wasu su ce barikaf, duk abu ɗaya ne. Kuma kar ka ji haushinsa don bai tsaya ya warware maka ba, mai shago da aiki a gabansa ga kwastoma tsaye a kansa ba kullum yake da sararin karantarwa ba. Bari ni in ɗauke masa wannan, amma ka nutsu don zan ɗan ja ta da tsawo, in ka gane wannan to rabin abin da ke cikin tiyuna, wato ɓangaren da ke zaɓen tasha, ka gane shi.

Iskar Zariya a cike take da tashoshi a lokaci guda, Queen FM na kan 94.1, ta ABU na kan 101.1, ga na Kaduna suna shigowa, kuma eriya ba ta zaɓe, duk kwaso su take yi ta zuba wa rediyo. Masu zaɓen su biyu ne, kwayil da kafasita da aka haɗa wuri ɗaya. Su biyun nan suna da firikwensi guda, wato lambar tasha irin 94.1 ɗin nan, da suke amsawa da ƙarfi, sauran kuwa su bar su su wuce. In kana son wata tashar dole ka canza ɗaya daga cikinsu, kuma kafasita ta fi sauƙin canzawa. Gang ɗin da ka saba gani ai kafasita ce, faifai ne jeri biyu da leda ko iska a tsakaninsu, in ka murɗa sai jeri ɗaya ya shiga cikin ɗaya ko ya fita, ƙarfin kafasitar ya ƙaru ko ya ragu. To barakta aikin nan take yi sak, sai dai babu abin da ke motsi a cikinta da ido zai gani, boltej ne ke murɗa ta.

Ka san dayod gefe biyu gare shi, anod da katod, in ka ba shi wuta ta gaba ya bar ta ta wuce, in ka juya masa ita ya tare. Yawancin mutane nan suke tsayawa, ya tare shikenan. Amma akwai abin da ke faruwa a ciki lokacin da ya tare ɗin. Ka taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah? Jama'a maƙil ta dama, jama'a maƙil ta hagu, dogarai suna tura su baya don a buɗe wa dawaki hanya a tsakiya. In dogarai suka ƙara matsawa hanyar ta ƙara faɗi, in suka sassauta jama'a su matso hanyar ta tsuke. Haka cikin dayod yake in an juya masa wuta, masu ɗaukar lantarki na gefen nan su ja baya, na wancan gefen su ja baya, a bar wani siririn fili a tsakiya da babu kowa. To gefe biyu masu ɗaukar wuta da fili a tsakaninsu wanda wuta ba ta bi, wannan ai ita ce kafasita, ba wani abu ba. Boltej ɗin da ka juya shi ne dogarin. Ka ƙara shi filin ya buɗe, ƙarfin kafasita ya ragu. Ka rage shi filin ya tsuke, ƙarfin ya ƙaru. Kowane dayod yana da wannan halin, barakta dai an gina ta ne musamman don canjin ya yi yawa kuma ya zo daidai yadda aka rubuta a takardarta. Shi ya sa a zanen sakit za ka ga alamarta dayod ne da ɗan zanen kafasita manne a bakinsa.

Kuma in kafasita ta ragu firikwensi sama yake yi. Ni kullum kalangu nake tuna wa yarana, mai kalangu in ya matse tsarkiya a hammata sauti ya yi sama, in ya saki ya yi ƙasa, fatar dai ita ce ba a canza ta ba. Ƙarin boltej matsewa ce, tasha ta haura wajen 108. Rage boltej sakewa ce, ta gangaro wajen 88.

Bari in ba ka lissafi don ka ga ƙanƙantar abin. Ɗauki kwayil mai 0.1 maikrohenri, ma'aunin kwayil kenan, irin ɗan nadin waya huɗu ko biyar ɗin nan da kake gani a ɓangaren FM. In duka kafasitar da ke tare da shi ta kai fikofarad 33, wato ma'aunin ƙananan kafasita, zai amsa wajen 87.6 megahaz. In ta sauko 22 zai amsa wajen 107.3. Ka ga kenan duk zangon FM daga farko har kusan ƙarshe fikofarad 11 ne kacal. Queen FM tana wajen 28.6, ta ABU wajen 24.8, tsakaninsu bai cika fikofarad 4 ba. Wannan ne dalilin da ya sa in ka kai yatsa kusa da kwayil ɗin tasha take gudu, jikinka ma kafasita ne, kuma shi ya sa nake roƙon masu koyo don Allah ku daina buɗa kwayil ɗin nan da sukundireba ko kankare kakin da aka zuba masa, wanda ya zuba ya san abin da yake yi.

Wani abu kuma, firikwensi ba ya bin kafasita kai tsaye, sai ka rage ta ninki huɗu kafin ya ninka sau biyu. A FM ba damuwa tunda 88 zuwa 108 ba nisa. Amma matsakaicin zango, wato AM, daga 531 ne zuwa 1602 kilohaz, ninki uku kenan, to kafasitar sai ta canza ninki tara. Shi ya sa baraktar AM daban take, irin su BB112 da 1SV149, waɗanda ke tashi daga wajen fikofarad 500 a bolt 1 su sauko ashirin da wani abu a bolt 8. Ta FM ba za ta yi aikin ta AM ba ko kusa.

Saura wa ke ba ta boltej ɗin. A rediyon motar da ke gabanka akwai aisi na PLL, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da yawa da ke riƙe tasha wuri ɗaya, sau da yawa za ka ga LC72131 ko LM7001 da kiristal kusa da shi mai 7.2 ko 4.5 megahaz. In ka danna 101.1, osileta ta cikin rediyon, wadda ke samar da nata siginal, ya kamata ta tsaya a 111.8, wato ƙarin megahaz 10.7 a kai, sai aisin ya riƙa ƙirga ta yana gwadawa da kiristal, in ta yi ƙasa ya ƙara wa barakta boltej, in ta yi sama ya rage, haka yake yi ba tsayawa. Layin da ke kai wa barakta wannan boltej ana rubuta masa VT. Gobe in ka je shago ka ɗora mita a kansa ka danna neman tasha, za ka ga yana hawa a hankali daga wajen bolt 1 ko 2 har wajen 7 ko 8. Ranar da na fara ganin wannan da idona na daɗe ina kallon mitar, don a ranar ne abin da nake haddacewa ya zama abin da na sani. Boltej ɗin yana shiga ne ta rasista babba, 47k ko 100k, don kar siginal ya gudu ta nan, tunda barakta a juye take kusan ba ta shan komai.

Abin ba sabo ba ne, wani kamfani a Amurka mai suna Pacific Semiconductors ne ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1961, sunan barikaf ɗin ma asalinsa sunan kasuwa ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina da talabijin mai gora inci 21 a dakin iyali nan Tudun Wada, tasha tana zamewa, in an kunna ta kama bayan minti goma sai hoto ya fara yayyafi ya tafi, in an sake sacin wasu tashoshin basa fitowa gaba daya. Sau biyu ana canza min tiyuna kudi na tafiya ciwo na nan. Barakta din cikin tiyunar ce ke mutuwa ko me?

AMSA: Lafiya lau Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wannan saƙon ya taɓa ni don na ga irinsa ya fi a ƙirga. In an canza tiyuna sau biyu ciwo bai tafi ba to wallahi da wuya a ce tiyunar ce, sabbi biyu ba za su zo da ciwo iri ɗaya ba. Barakta baiwar Allah ce, abin da aka ba ta shi take bi, in boltej ɗin da ke zuwa mata yana rawa dole tasha ta yi rawa, ita ba ta da laifi.

Talabijin tana da faɗin zango fiye da rediyo nesa ba kusa ba, don haka baraktocinta suna buƙatar boltej har wajen 30. Ana samo shi ne daga babban layin B+ mai bolt ɗari da wani abu, a bi da shi ta wata rasista mai jiki wadda kullum cikin zafi take, sannan a daidaita shi da zena mai bolt 33, wato abin da ke riƙe boltej wuri ɗaya, za ka ga an rubuta mata TAA550 ko ZTK33 ko uPC574, wata kamar dayod wata kamar ƙaramar tiransista mai ƙafa biyu. Nan ne gidan ciwon a mafi yawan lokuta. Rasistar ta tsufa ƙimarta ta hau, ko zenar ta fara yoyo in ta ɗau zafi, ko ƙaramar kafasitar da ke gefenta ta bushe. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, sai bayan minti goma, wato sai abu ya yi zafi. Kuma wasu tashoshi ba sa fitowa, ina kyautata zaton na saman zango ne, don in 33 ta faɗo ta koma 15 ko 12 to barakta ba za ta taɓa matsuwa ta kai can sama ba, na ƙasa kawai za a samu.

Ka ce wa mai gyaran ya yi abu uku a gabanka. Ya auna kan zenar yana sanyi, ya bar ta minti goma sha biyar ya sake aunawa, 33 ya kamata ya gani ba motsi. Sannan ya ɗora mita a ƙafar tiyuna mai VT ko BT ko TU ya sa sacin, ya ga ko boltej na hawa sumul daga kusan sifili zuwa wajen 30. In tiyunar irin wadda aka rubuta SDA da SCL a ƙafafunta ce to 33 ɗin kai tsaye take shiga ƙafarta, can zai duba. In ya ga boltej ya faɗi sai ya cire dalmar ƙafar ya sake aunawa, in ya dawo daidai to lallai tiyuna ce ke janye shi, in bai dawo ba ciwon na kan fanel, wato babban allon talabijin ɗin.

Akwai wata da aka taɓa kawo mini daga wajen Ƙofar Doka, ita ma an canza mata tiyuna, mai ita dattijuwa ce da jikokinta ke kallo, ta riga ta fidda rai. Komai na auna daidai, sai da na juya fanel na ga ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a kan layin VT, damina ta zo ta jiƙa ta ta zama kamar laka. Layin nan da yake ta rasistoci manya yake bi, ɗan yoyo kaɗan ta cikin datti ya isa ya janye boltej. Sifirit da buroshin haƙori na sa na wanke na bar shi ya bushe a rana, shikenan ta tsaya. Garinmu da ƙura, wannan ba abin rainawa ba ne.

Amma Alhaji kar ka buɗe da kanka. Babbar kafasitar wuta tana riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare soket, ga gorar kanta da dubban bolt. Sannan in dikoda kuke kallo da ita, a haɗa ta wayar AV mai jan kai da fari da rawaya, ta nan hoto ba ya bi ta tiyuna sam, ka huta da kashe kuɗin.

TAMBAYA: Oga ya ake gwada barakta da mita? Na gwada wata ta nuna min 0.6 gefe daya dayan gefen bata nuna komai ba, lafiyarta kalau kenan? Daga mai gyara a PZ.

AMSA: Abokin aiki, abin da mitarka ta gaya maka shi ne ba ta yi shot ba kuma ba ta yanke ba, iyakarsa kenan. Dayod na 1N4148 ma haka zai nuna maka, alhali ba zai yi aikinta ba. Mita a wurin gwajin dayod ba ta ganin ƙaramin yoyon da ke fitowa sai an kai bolt 20 ko 25, kuma ba ta gaya maka fikofarad nawa take bayarwa.

In kana da mitar da ke auna ƙananan kafasita ga yadda nake yi. Batir mai bolt 9, bolum mai 10k a kansa, ƙafar tsakiyar bolum ta bi ta rasista 100k zuwa katod, anod a negetif. Sai ka sa kafasita 10n tsakanin katod da wayar mita don kar wutar batir ta shiga mitar. Murɗa bolum ka kalla, lamba ta riƙa sauka sumul in boltej na hawa. In tana tsalle ko ta ƙi motsi to ka samu mai laifi. Lambar ba lallai ta zo daidai da ta takarda ba saboda wayoyin mita ma suna da nasu fikofarad ɗin, tafiyar ce abin kallo.

Kuma in za ka canza kar ka canza ɗaya tak. A tiyuna guda akwai ta eriya, akwai ta tsakiya, akwai ta osileta, duk layin VT ɗaya suke sha kuma daga kamfani an zaɓo su ne masu tafiya tare. Ka sa baƙuwa a cikinsu sai osileta ta nufi wata tasha ta eriya ta nufi wata, rediyo ta kama amma a raunane, ƙasan zango da ƙarfi sama shiru. Ka cire su duka daga matacciyar tiyuna ɗaya ka mayar duka. Kuma kar ayan ɗin dalma ya daɗe a kansu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni daliba ce a bangaren lantarki ina zaune a Samaru, furojet dina karamar tiransimita ce ta FM wadda za a yi magana a makirfo a ji a rediyo. A zanen an sa BB109 na zaga Sabon Gari ban samu ba, wani yace in sa 1N4007 wai duk daya ne. Gaskiya ne? Kuma wadda na hada tana yawo in na matso da hannu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a, ina jin daɗi ƙwarai in na ga mata a wannan fanni don muna da ƙarancinku. Wanda ya gaya miki yana da rabin gaskiya. Dangin 1N4001 zuwa 1N4007 in an juya musu wuta suna ba da fikofarad goma da wani abu ko ƙasa da haka a bolt 4, kuma yana canzawa da boltej, har jan LED ma ana yin dabarar da shi. Amma ba duk ɗaya ba ne, an gina shi ne don wutar caja, a megahaz 100 yana cinye siginal, kuma in kin sayi goma kowanne da nasa hali. Don gwaji a ga abu na motsi zai yi. Don abin da za ki kare a gaban malamai ki nemi ta gaske, kuma ba sai sabuwa ba, ki je wajen masu gyara ki roƙi matacciyar tiyunar talabijin ko tsohuwar rediyon mota, ko wajen 'yan gwangwan, a cikin gwangwanin tiyuna ɗaya za ki samu shida ko fiye. In kin ci karo da BB204 mai ƙafa uku ki riƙe ta da kyau, biyu ce a jiki ɗaya katod ɗinsu a haɗe, an yi haka ne don in siginal ya yi ƙarfi yana tura ɗaya sama ɗayar na ƙasa su share wa juna, sauti ya fi fita tas.

Ga abin da nake so ki rubuta a rahotonki don shi ne zuciyar aikin. A naki sakit ɗin barakta ba tasha kawai take zaɓa ba, muryar ma ita ke ɗorawa. Siginal ɗin makirfo yana hawa kan boltej ɗinta yana ɗan girgiza shi, firikwensi ya girgiza tare da murya, wannan girgizar ita ce FM ɗin. Ƙa'idar gidajen rediyo kilohaz 75 sama 75 ƙasa. A kan fikofarad 25 wannan canjin fikofarad 0.04 ne kawai ko kusa da haka, kin ga ɗan mitsitsi ne, don haka ki haɗa baraktar da kwayil ta ƙaramar kafasita kamar 5p, in ba haka ba murya za ta fashe. Yawon kuma abu biyu ne. Boltej ɗin barakta kar ya fito kai tsaye daga batir don batir na sauka tasha na sauka, ki sa 78L05 ki tace shi da kafasita. Na biyu ki gajarce ƙafafu, ki bar allon gwajin nan mai ramuka ki yi dalma, ki rufe ɓangaren osileta da gwangwani ki haɗa shi da negetif.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. Daga 108 zuwa 137 megahaz zangon jiragen sama ne, na'urorin saukar jirgi da maganar matuƙi da hasumiya duk a nan suke, mu kuma a Zariya kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tare da mu, ɗalibai na shawagi a kanmu kullum. Tiransimita mai yawo in ta haura 108 ba ki san inda ta shiga ba. Ki tsaya ƙasa-ƙasa a wurin da ba tasha, ƙarfi kaɗan, eriya taƙi ɗaya, iya cikin ɗaki. Watsa shiri ga jama'a kuwa sai da lasisin hukumar NBC.

TAMBAYA: Malam kakana ne yasa in rubuto, muna cikin birni. Yana da karamar rediyo sabuwa mai allura da yake jin Kaduna da BBC, yace tsohuwarsa in yana murdawa tasha a hankali take shigowa amma wannan tsalle take tana tsit tsit kuma yanzu allura na wuri daya tasha na wani wuri. Mai gyara ya bude yace ba gang ba barakta aisi daya ne kawai ba a gyarawa. A yar kenan?

AMSA: A gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, kuma a ce masa kunnensa bai yi ƙarya ba, rediyon ce ta canza. Yawancin ƙananan rediyon da ke shigowa kasuwa yanzu allurar ado ce ta saba ido, abin da ake murɗawa bolum ne kawai yake aika boltej zuwa aisi guda irin su Si4825 ko KT0936, aisin ya karanta ya ce to nan ake nufi ya yi tsalle zuwa can. Taki-taki yake tafiya, shi ne tsit tsit ɗin da Baba ke ji. Kafasitocin da ke zaɓen tashar an shigar da su can cikin aisin ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. Ni kaina a gajeren zango na fi son tsohuwar, don da ita kana iya ɗan kaucewa gefe ka guje wa tashar da ke danne wadda kake so, sabuwar ba ta ba ka wannan sararin.

Amma ba a yar ba. Tunda boltej ne ke gaya wa aisin inda allura take, in bolum ɗin ya sha ƙura ko ya goge to ƙarya zai riƙa aikawa, shi ne allura nan tasha can. A mayar wa mai gyaran ya fesa masa man wanke bolum ya murɗa sau da yawa, in ya ƙi ya canza shi da mai ƙima iri ɗaya, ya duba dalmar ƙafafunsa da rasistocin da ke jere kusa da makunnin zango, ya kankare tsatsar mazaunin batir, a sa sabon batir a gwada. Kuɗin bai kai na sabuwa ba.

In kuma Baba na jin ƙara kamar ana soya a kan 594 ta Rediyo Najeriya Kaduna ko Nagarta a 747, wannan ba daga rediyon ba ne, ƙwan sola da cajar waya da inbata su ke zuba wannan hayaniyar a matsakaicin zango. A matsar da ita daga kusa da su, a fito da ita tsakar gida ko zaure, sannan a riƙa juya jikin rediyon a hankali, don eriyar AM sandar baƙin ƙarfe ce kwance a ciki kuma ta fi ji in faffaɗan gefenta na kallon inda tashar take, Kaduna kuwa kudu take da mu. Doguwar eriyar waje ta FM ce da gajeren zango, ita za a zaro gaba ɗaya lokacin BBC. In an gyara ka turo mini yadda aka yi.

Masu tambaya kan batirin sola da ke saurin mutuwa, na ga saƙonninku guda huɗu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.